Furen da Shigeno Ba Ta Yanke Ba

A ƙauyenmu na Osodani, da zarar ƙanƙara ta narke, ba wanda ake shakka kamar Shigeno. Tsawonta bai wuce kafaɗata ba, ni ɗin ma ba wata doguwa ba ce, amma in ta ɗaure kai da tawul ta ɗauki lauje ta fara bin bayan gidaje, har manyan maza sukan tuna suna da aiki a wani wuri. Fure take farauta. Farin kabeji ne, ganyen miya ne, duk abin da ya haɗa dangi da kabu dai, wato ɗan tushen nan mai kama da dankali da muke nomawa, in ya kuskura ya ɗago kai zai yi fure, to kwanansa ya ƙare, ko a lambun wa yake.

Ni ce Matsue, gidana yana tsallaken rafi, tare muka yi ƙuruciyar aure da ita, tare muka tsufa. Na sha faɗa da ita fiye da yadda na yi da mijina, saboda haka in na ce ba mugunta ke sa ta yawo da lauje ba, a yarda da ni.

Jan kabu shi ne abin da muke da shi. A tsakiyar zafi, inda aka sare itatuwan katako a gefen tsauni, maza sukan cinna wa sauran rassa wuta, mu bi bayansu mu watsa iri tun tokar tana da ɗumi. Ba taki, ba magani, ba ban ruwa. Da kaka mu tono shi, ja wur a waje, fari fat a ciki, mu tsima shi cikin gishiri da ruwan tsami a rumfar mata. Bayan kabu a shuka wake, bayan wake a mayar wa tsauni itatuwansa, a matsa gaba. Abin da rumfar nan take sayarwa shi ya hana sauranmu tattara komatsai mu bi 'ya'yanmu birni. Iri kuwa ba a sayo shi a ko'ina. Kowace shekara ana zaɓar kabu mafi kyau a sake dasa su a fili guda, su yi hunturu ƙarƙashin ƙanƙara, su yi fure, su ba mu irin da za mu watsa. Ƙudan zuma kuma ba ruwansu da asali. Su sauka kan furen kabeji, su tashi su sauka kan na kabu, su ɗaura mana auren da ba wanda ya nema, abin da za a haifa ba kabu ba kabeji. Filin irin nan yana gangaren gidan Shigeno, in ta tsaya a ƙofar kicin ta jefa dutse a ciki zai faɗa.

Daga bakin teku aka auro ta, 'yar masunta ce, ba ta taɓa ganin an ƙona tsauni da gangan ba. Ranar da ta fara ganin hayaƙi ta rugo da bokitin ruwa tana kururuwa, aka yi ta yi mata dariyar abin har ta yi furfura. Surukarta ce mai zaɓen iri a lokacin, tsohuwar da ba ta koyarwa da baki. Sai dai ta miƙo mata kabu biyu, in ta ɗauki wanda ba shi ba ta buge mata hannu. Kafin tsohuwar ta mutu, Shigeno tana iya duban ganye daga tsaye ta faɗi yadda kabun yake a ƙasa, laujen kuma ya dawo hannunta.

Ba ta bar kowa ba. Wata shekara ta shiga lambun mai kula da ɗakin bautarmu, yana zaune yana shan shayi, ta share masa layi guda na ganye da suka fara toho.

"Haba Shigeno," in ji shi, "don magabata na bar su, su ma suna son kallon fure."

"Magabatan nan da kabu suka girma. In ka ji sun yi ƙorafi ka turo su gidana."

Ni ma ta yi mini. Na ce mata ta bari, gobe zan tsinke in dafa. Ta ce, "Goben taki, ƙudan zuma sun san da ita?" Ta yanke, ta ɗaure, ta ajiye mini a bakin ƙofa, ta kuma tsaya sai na ba ta shayi. Ita ce ma ta kafa dokar cewa gidajen da ke kusa da filin iri kada su shuka dangin kabu sam, ko da niyyar yankewa ne.

Mijinta Toraji shi ke riƙe wuta ranar ƙuna, daga sama yake kunno ta ya sauko da ita a hankali kada ta tsallaka dajin wani. A wurin wuta ba ya dariya, a ko'ina kuma ba ya daina ta. Hukuma yake ce wa matarsa. In ya hango ta ta fito da lauje sai ya ɗaga murya, "Jama'a, ga Hukuma nan, kowa ya ɓoye furensa!" Ita kuma ta ce masa kansa ne kawai ba ta damu da shi ba, don ba abin da zai sake tsirowa a kai.

Makarantar ƙauyen ta daɗe a rufe lokacin da Takuma da matarsa Ayane suka zo daga birni suka karɓi wani kango a ƙarshen ƙauye, suka ce noma suke so su yi. Mu duka mun haife su. Ranar farko Shigeno ta kama hannun Takuma ta juya ta duba, ta ce, "Wannan ya taɓa ɗaukar abin da ya fi sandunan cin abinci nauyi kuwa?" Ya ce mata Kaka, ta ce ita ba ta haifi uwarsa ba, ya koma Goggo, aka zauna a kan haka. Yaron yana da naci. Ya bi Toraji ya koyi tare wuta, ya bi mu ya koyi watsa iri, Ayane kuma ta shigo rumfa, ita ce ma ta iya sayar da kayanmu ta waya ga mutanen da ba mu taɓa gani ba. Ba mu faɗa a gabansu ba, amma kowa ya fara jin cewa in mun mutu akwai wanda zai kunna wutar.

Sai ciwon ciki ya kama Toraji. Abinci ya daina zama masa, mutumin da yake cin shinkafa kamar ana binsa da gudu ya koma duban kwano yana kawar da kai. Wata rana ya ce shi fa kukitachi yake marmari, ganyen nan da ake tsinkar tohonsa masu taushi bayan narkewar ƙanƙara, a tafasa a ɗiga masa ruwan waken suya, yadda uwarsa take yi masa yana yaro. Kukitachi ɗan uwan kabu ne na kusa. Shigeno ta sani, wa ya fi ta sani? Amma mijinta ne yake ramewa a gabanta. Da kaka ta shuka ɗan gajeren layi a lungun da ke tsakanin rumfar itacenta da jikin tsauni, inda ba ya ganuwa daga hanya, ta ce wa kanta ai kullum za ta tsinke, ba toho ɗaya da zai buɗe ido.

Haka kuwa aka fara. Ganyen ya fito daga ƙarƙashin ƙanƙara, tana tsinka tana dafawa, Toraji yana ci, abin da ya daɗe bai yi ba. Yakan lumshe ido ya ce, "Hukuma ta karya doka, wa za mu kai wa ƙara?" Sai wata safiya ya yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofa, motar asibiti ta zo, Shigeno ta shiga da takalman cikin gida a ƙafarta. A can ya rasu, aka ƙona gawar yadda ake yi a wurinmu, ba ta dawo ba sai da tokarsa a akwati.

Duk wannan ban san shi ba a lokacin, daga baya ta gaya mini da bakinta. A makonnin da take asibiti, mai unguwarmu Gensaku ne ya ɗauki laujen ya yi zagaye. Ya yi iya yinsa, amma wa zai leƙa bayan gidan Shigeno neman fure? Kashegarin da baƙin makoki suka watse ta zagaya ɗibar itace, tun kafin ta sha kwana ta ji gunjin ƙudan zuma. Layin nan ya kai mata ƙirji, rawaya shar, ya buɗe har ya fara zubarwa. A ƙasa kuma filin iri shi ma rawaya, ƙudan suna hawa suna sauka tsakani kamar masu zuwa kasuwa. Ta tumɓuke kukitachin da hannu, ta tura ƙarƙashin tulin ruɓaɓɓen ganye, ta koma ciki ta kunna wa hoton Toraji turare, ta kasa dubansa.

Da abin ya tsaya nan, da ba wanda zai ga laifinta. Inda ya zame mata ƙaya shi ne ranar sussukar iri. Muna zaune a kan tabarma muna murje kwanso, 'yan ƙwayoyin nan baƙaƙe suna zuba, mai kyau da gurɓatacce ba a bambanta su da ido. Akwai ɗan ragowar irin bara a gidaje, da ta yi magana a ranar, da an haɗa shi an watsa ko da rabin tsauni ne. Ta ce ta buɗe baki. Sai wata ta dafa ta tana cewa sannu da haƙuri, dubi yadda kika fito aiki ko hawayenki bai bushe ba, irinki ba a sake haihuwa. Ta rufe bakin. Ta ce wa kanta wataƙila ba abin da ya faru, wataƙila iska ta kore ƙudan, aka zuba irin a buhu aka ɗaure.

Aka ƙona tsauni, Takuma ne ya riƙe wuta tare da Gensaku, aka watsa iri. Tun ganye yana ƙarami Shigeno ta gane, ta daina cin abinci sosai, muka ce kewar miji ce. Da kaka muka hau tono. Na farko da na ciro dogo ne kamar ƙaramin rogo, launinsa ba ja ba fari. Na gaba duk ganye ne, ƙasansa ɗan tsurut. Cikin kwando guda da ƙyar ka sami 'yan kaɗan da suka amsa sunan kabu, sauran in an tsima sai su yi laushi, ba ƙaras ba ɗanɗano. Ban taɓa jin tsauni ya yi shiru da mutane a kansa kamar ranar ba.

Gensaku ya kira taro a zauren ƙauye. Kafin kowa ya ce uffan Takuma ya miƙe. Ya ce a lokacin fure, bayan an gama zagaye, ya tarar da kan kabeji ɗaya a bayan rumfarsa da ya ɓoye masa, ya buɗe 'yan furanni, ya cire nan take, bai ɗauka abin faɗa ba ne. Ya durƙusa ya kai goshinsa ƙasa ya ce a gafarce shi. Gonarsa tana can ƙarshen ƙauye, bayan rafi, bayan kurmin gora. Kan kabeji ɗaya daga can ba zai lalata fili guda ba, duk mai hankali ya san haka in ya so ya sani. Amma ran mutane a ɓace yake, ga baƙo ya miƙo wuyansa da kansa. Aka juya ana duban Shigeno a ji abin da za ta ce, ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta.

Mu ba ma zagin mutum a Osodani, da ma muna yi da ya fi sauƙi. Gaisuwa ce kawai take gajarcewa. Kabewa da dankalin da akan tarar a bakin ƙofa da safe suka daina zuwa gidan Takuma. A rumfa aka mayar da Ayane wankin baho, ga ta da juna biyu, ba mai ce mata ta zauna. Da aka zo zaɓen 'yan kabun kirki da za a dasa don iri, ba a aika masa ba. Ya zo da kansa ya tsaya daga gefe, ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya matsa masa.

Shigeno kaɗai ce take zuwa gidansu, zuwan ma ya wuce hankali. Yau tukunyar wake, gobe kifi busasshe daga danginta na bakin teku, jibi dafaffiyar shinkafa da gujiyar daji. Matar da in ta ba ka shayi sai ta tuna maka har baɗi. Na tare ta a kan gada na ce, "Ke, kiwata su kike yi za ki sayar?" Ba ta rama ba. Abin da ya fara tayar mini da hankali ke nan, don Shigeno ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba.

Hunturu ya shigo da ƙarfinsa, ƙanƙara ta hau rufin gidaje, wanda ba a kwashe masa ba gidansa zai iya durƙushewa. Wata rana da hantsi na je wurinta, muka zura ƙafafu ƙarƙashin teburin ɗumi, sai na ji ƙarar shebur a samanmu. Na ce wane ne? Ta ce Takuma ne, ba ta kira shi ba, tun da Toraji ya mutu shi yake zuwa. Muna zaune yana kankara yana jefowa, tulin ƙanƙara yana faɗowa ta gaban taga. Ta ɓare lemo ta ajiye ba ta sha ba.

"Matsue, ni ce."

"Ke ce me?"

"Irin. Ni na ɓata shi."

Ta faɗa mini duka, tun daga marmarin Toraji har ranar sussuka, muryarta ƙasa ƙasa kada na saman ya ji. Na so in tausaya mata, na kuma tausaya daga baya, amma a lokacin wuta ce ta tashi a kaina.

"Kina nufin yaron nan da ke kan rufinki yanzu, yana neman karya wuyansa saboda ke, shi ne kika bari ya kai goshi ƙasa?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba! Da kin sani da ba ki tsaya dafa wake ba. Wake zai wanke shi? Matarsa tana wanke baho da ciki, ke kina aika mata kifi!"

"Kullum in na tashi sai in ce yau zan faɗa. In na fita na ga fuskokinsu, yadda suke gaishe ni, sai in kasa." Ta ture lemon gefe. "Duk rayuwata na shiga lambunan mutane na yanke musu abinci. Har naki. Da wane baki zan ce na shuka a bayan gidana?"

"Da bakin da kika ce mini ƙudan zuma ba su san gobe ba. Shi za ki ɗauko."

Ta yi kuka, abin da ko a makokin mijinta ban gani ba. Da Takuma ya sauko ya leƙo, hancinsa ja, yana cewa Goggo an gama, ta kasa fitowa, ni na miƙa masa shayi.

Ba ta faɗa a makon ba, ba ta faɗa a na gaba ba. Sai da labari ya fito cewa Takuma ya nemi aiki a garin iyayen Ayane, za su tashi da zarar hanya ta buɗe. A taron ƙarshen hunturu, inda ake raba aikin shekara, Gensaku yana cikin magana Shigeno ta miƙe, ba ta nemi izini ba. Ta ce ita ce ta shuka kukitachi a bayan rumfar itacenta, ya yi fure tana asibiti, ta gani, ta binne, ta yi shiru. Ta ce Takuma ba shi da laifin komai. Ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo ta kai goshi ƙasa, daidai inda ya kai nasa.

Na ce a raina to, yau za a yi ta ta ƙare. Sai Gensaku ya share ido da bayan hannu, ya taso ya kama kafaɗunta.

"Tashi, Yaya Shigeno, tashi. Mun ji. Mun kuma gane abin da kike so ki yi."

"Me ka gane?"

"Kina so yaron ya zauna. Ba laifi ba ne. Amma ba sai kin shafa wa kanki baƙi ba."

"Kai Gensaku, kunnenka ya mutu ne? Na ce ni na shuka!"

"Ke? Kukitachi? A kan filin iri?" Ya juya ya dubi jama'a, wasu har sun fara murmushi. "Ai ko a mafarki kika gan shi sai kin tashi kin ɗauko lauje."

Wata daga baya ta ce, "Oh, Shigeno, zuciyar zinariya." Wani tsoho ya ce tun da Toraji ya tafi ba ta dawo daidai ba, a bi ta a hankali. Ta ce su zo ta nuna musu wurin. To me za a gani? Ƙanƙara ta fi mutum tsawo a lungun, abin da ta binne kuma ya daɗe da zama ƙasa. Na miƙe na ce gaskiya take faɗa, ta gaya mini tun tsakiyar hunturu. Gensaku ya ce, "Ai dama ku biyun in ɗaya ta ce rana ta fito daga yamma, ɗayar za ta ce ta gani da idonta." Ni da muka yi shekara da shekaru muna musu da ita a kan komai! Na gaya masa abin da na gaya masa, ba zan maimaita a nan ba, aka ce mu zauna, aka ci gaba da rabon aiki. A hanyar fita mutane suna ta rusuna mata fiye da kullum.

Takuma yana zaune a bakin ƙofa duk lokacin, komai a kunnensa. Shigeno ta bi shi gida a ranar, ta sake bin shi kashegari. Ta faɗa masa a zaune, ta faɗa a tsaye, ta rantse da Toraji. Yakan saurara har ta gama, ya ce, "Na ji, Goggo," da irin muryar da ake lallashin mara lafiya. Shi ya ga furen kabejinsa da idonsa, nata kuwa bai gani ba, ya riga ya kwana da abin ya tashi da shi tsawon watanni har ya zauna masa. Mutane kuma suka ɗan sassauto, ba don sun wanke shi ba, sai don ganin girman Shigeno. Aka ce ya zauna, an yafe. Kalmar nan ta an yafe ita ta ƙarasa kore shi.

Ranar tafiyarsu hanya duk caɓi. Ƙaramar motar kaya tana tsaye a ƙofar kangon da suka gyara, Ayane ta riga ta shiga, cikinta ya tsufa. Mutane kaɗan suka zo, ni da Shigeno muna ciki. Ba ta kawo abinci ba wannan karon, hannu biyu ta zo. Ta riƙe ƙofar motar.

"Ɗana, ka dube ni da kyau. Na taɓa yi maka ƙarya? Ranar da ka zo na ce hannunka ba na aiki ba ne. Da ka watsa iri kamar mai ba kaji tsaba na faɗa maka a gaban kowa. Ni ba na rufa wa mutum asiri, ka sani. Ba kai ba ne. Ni ce."

Ya cire hularsa. Idonsa ya kawo ruwa.

"Goggo, na ɓata miki aikin da kika yi tun kafin a haife ni, a shekarar da kika rasa Baba Toraji. Kika ciyar da mu duk hunturu. Kika durƙusa a gaban mutane kika ɗauki laifina kika aza wa kanki. Ko uwata ban sani ba ko za ta iya. In 'ya mace aka haifa, mun yi shawara da Ayane, sunanki za mu sa mata."

"Kada ku sa!"

Ya rusuna har ƙasa, ya daɗe a haka, sannan ya zare yatsunta daga jikin ƙofar a hankali ya shiga. Motar ta gangara ta haye gada, Ayane tana ɗaga hannu ta taga har suka sha kwanar kurmin gora.

Sauran mutane suka watse. Shigeno ta zauna a nan gefen hanya, cikin caɓin, da kayanta masu kyau. Na ce ta tashi sanyi zai kama ta, ba ta motsa ba.

"Matsue, zai gaya wa yarinyar dalilin sunanta."

Na ce zai gaya mata.

"Zai ce mata ubanta ya lalata irin wani ƙauye. Ita ma za ta yarda."